Rabin Tallafi Ba Na Talaka Ba Ne

Akwai takardar da ke shiga gidan talaka da guɗa, ta fita ta bar shi da bashi. Ita ce wadda wata jami'ar ƙasar waje ke aiko wa yaro tana taya shi murna: an ba shi gurbin karatu, kuma saboda hazaƙarsa an yafe masa rabin kuɗin makaranta. Na san takardar nan ciki da bai, domin na riƙe tawa a 2014, shekara guda bayan na gama sakandaren gwamnati a nan Kontagora, kuma saura ƙiris ta raba ni da mahaifina.

A lokacin ban san ko mutum ɗaya da ya taɓa neman jami'a a Amurka ba. A shagon intanet na koyi komai, ina biyan kuɗin awa, ina addu'ar kada janareto ya mutu kafin shafi ya buɗe. Sakamakona na WAEC ya yi kyau, musamman a lissafi da kimiyya. Wata ƙaramar jami'a a tsakiyar Amurka ta amsa mini. Kuɗin shekara gaba ɗaya, na karatu da masauki da abinci da inshorar lafiya, ya doshi dala 40,000, su kuma suka ce sun ɗauke kusan rabi. Na buga takardar mai launi na kai gida. Inna ta rangaɗa guɗa, kafin magariba kuwa unguwa ta ɗauka cewa Turawa sun ba ni sikolashif. Mutane suna shigowa barka, wasu har da sautun abin da zan zo musu da shi.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne. Da kaka yakan bi kasuwannin ƙauye ya sayi masara da dawa, ya adana, ya fitar idan damina ta kankama abinci ya yi wuya. Yana da gona a hanyar Rijau wadda ya gada. Bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin an ci shi a lissafi ba. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ya kama sunana. Bayan sallar isha'i ya sa na karanta masa takardar, ina fassarawa layi bayan layi. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "Kai, wancan da suka bar mana, nawa ne a kuɗinmu?" Dala tana wajen naira 160 a lokacin. Na buga na ce ya haura miliyan uku. Ya ce, "Na karatun duka?" Na ce, "Na shekara ɗaya ne, Baba. Shekara huɗu ake yi."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "To wannan ai ragi ne, ba kyauta ba. Mu ma idan muna son buhu ya fita, mukan ɗora masa kuɗi sannan mu rage wa mai saye, ya tafi yana godiya."

Ni na kawo maganar sayar da gona, da bakina. Ya dube ni ya ce, "Idan na sayar na biya shekarar farko, ta biyu me zan sayar? Ƙannenka kuma me za su ci? Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Daminar nan gaba ɗaya gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da shi. Ina zuwa gona, ina noma kusa da shi, ba na ɗaga kai. A zuciyata ina ganin ya zaɓi ƙasa ya bar ɗansa. Ban taɓa gaya wa ƙannena wannan ba, shi kuma bai taɓa tayar da zancen ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Akwai abokina da muka zauna benci ɗaya tun aji ɗaya. Shi nasa mahaifin ya sayar. Fili ya tafi, shanu suka bi, aka tura shi Arewacin Saifurus a 2015, inda jami'o'i masu zaman kansu suka saba yi wa kusan duk baƙon da ya nema ragin kashi 50 cikin ɗari, su kira shi tallafi. Shekarar farko lafiya lau. A watan Yunin 2016 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira daga inda ya riƙe ta a 197, kuma kafin farkon 2017 dala ta doshi naira 500 a wurin 'yan canji. Kuɗin makarantar bai ƙaru da ko sisi ba a can, amma a nan gida ya ninka. Yaron ya koma ɗaukar bulo a wuraren gini, yana shiga aji idan ya samu sarari. A shekara ta uku ya dawo hannu rabbana, domin makaranta ba ta sakin sakamakon wanda take bi bashi. A 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta fito fili ta gargaɗi iyaye kan tura 'ya'yansu yankin. Abin ya maimaita kansa da muni bayan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, har aka riƙa cire ɗaliban Nijeriya daga karatu a Ingila saboda sun kasa cika kuɗi. Giɓin da aka bar mini a 2014, in da a farkon 2024 ne, da ya kai naira miliyan talatin a shekara. Uba yana samu da naira, makaranta tana karɓa da dala, duk giɓin da aka bari a tsakani girma yake yi kowace shekara.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wanda na gano daga baya, wanda babu mai gaya mini shi a garin nan a lokacin: jami'ar da ta fi kowace tsada, sau da yawa ita ce ta fi araha ga talaka. Ni na guje wa manyan sunaye don na ga farashinsu ya fi ƙarfin tunanina, na nufi ƙanana ina ganin su ne daidai da mu. Ashe manyan ne ke zaune a kan dukiyar waƙafi mai ɗimbin yawa. Ta Harvard kaɗai ta haura dala biliyan 50. Tallafi a can iri biyu ne. Akwai wanda ake bayarwa don hazaƙa, shi ne yawanci ragin da Baba ya gane. Akwai kuma wanda ake bayarwa don buƙata: a duba abin da gidanku zai iya, jami'a ta cike sauran, ko da sauran shi ne duka. 'Yan tsiraru, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, da Dartmouth da Bowdoin da suka bi sahu a 2022, ba sa duba aljihun ɗalibin ƙasar waje lokacin yanke shawarar ɗaukarsa, kuma idan sun ɗauke shi sukan biya masa duk abin da ya gaza. Wasu masu ɗan dama suna biyan buƙata gaba ɗaya su ma, sai dai suna duba aljihu tun farko, don haka yawan abin da kake nema yana rage maka damar shiga. Akwai Kwalejin Berea a jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowane ɗalibi, amma kowa sai ya yi aikin aƙalla awa goma a mako a cikin makaranta, kuma baƙin da take ɗauka a shekara 'yan kaɗan ne.

Ba na son kowa ya ji wannan ya ɗauka ƙofa a buɗe take. A Harvard, cikin masu nema ɗari, waɗanda ake ɗauka ba su kai biyar ba, kuma ɗan Kontagora yana gasa ne da 'ya'yan manyan makarantun Legas da Nairobi da Delhi. Amma nema a wurin da idan an ce e an biya duka, ya fi samu a wurin da e ɗin take nufin a sayar da gona. Kuma kada wani ya ruɗi yaro cewa idan ya isa can zai yi aiki ya cike giɓin. Bizar ɗalibi ta Amurka awa ashirin kaɗai ta yarda a yi aiki a mako lokacin karatu, a cikin harabar makaranta. Wannan kuɗin sabulu ne da littafi. Tallafin gwamnatin Amurka kuwa na 'yan ƙasa ne, baƙo ba ya ciki. Jami'o'i da yawa ma idan ba ka nemi tallafi tun ranar da ka cike fom ba, ba za su saurare ka ba bayan ka shiga.

Yanzu ina koyarwa, kuma nakan zauna da yara da iyayensu kan waɗannan fom. Inda muke cijewa ba Turanci ba ne, ba lissafi ba ne. Mu mutane ne da aka rene mu a kan rufin asiri. Ka tambayi magidanci yaya gida, ko da ba a ɗora tukunya ba zai ce maka alhamdulillahi. Fom ɗin neman tallafi kuwa, irin CSS Profile na hukumar College Board, so yake a buɗe komai: nawa uba ya samu bara, nawa uwa take samu a ƙosai ko ɗinki, gida nasu ne ko haya, akwai gona, akwai dabbobi, baki nawa ake ciyarwa. Wani dattijo manomi, mahaifin wata yarinya da ba a taɓa wuce ta a aji ba, ya ce mini, "Malam, yanzu sai na faɗa wa Bature buhu nawa na noma?" Na ce, "Baba, idan ba ka faɗa ba, za su ɗauka kana da shi." Ya kawar da kai, ya fara lissafawa a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa, har da marayun ƙanensa da ke hannunsa waɗanda da farko ya ƙi sawa, wai ba a gorin zumunci. Na ji nauyin abin a jikina, domin na san da wuya da na iya sa mahaifina ya yi haka.

Fom ɗin an tsara shi ne don mai albashi da takardar haraji. Manomi da ɗan tireda ba su da ko ɗaya. Abin da muke yi shi ne mu ƙiyasta amfanin shekara da farashin kasuwa, mu rubuta wasiƙar bayani dalla-dalla, mu faɗi yadda gidan yake: mata biyu, 'ya'ya kaza, kaka tana ɗaki. Masu duba takardun sun saba da ƙasashen da babu takardar haraji, kuma gaskiya mai tsari ta fi shiga kunnensu. Jarabar da ke kama mutanenmu ta fuska biyu take zuwa. Wasu don kunya sukan ƙara abin da za su iya biya, a ɗauki yaro a kan alƙawarin da ba za a cika ba. Wasu kuma dillalan biza ne ke hure musu kunne, a zuba musu kuɗin haya a asusun banki na 'yan makonni don a nuna wa ofishin jakadanci, a biya lada, a kwashe. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, idan an gano tana iya rufe wa yaro ƙofar ƙasar har abada, idan ba a gano ba kuma ya sauka a ƙasar mutane ba shi da na haya.

Sai kuɗin bakin ƙofa, wanda ko mai cikakken tallafi sai ya nemo shi kafin ya ga sisin kowa. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun Satumbar 2025, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi na tarayya yake 70,000, kuma sai an je Minna. Yawancin jami'o'i suna da kuɗin cike fom, ko da yake a manhajar Common App ana iya neman a yafe, yara da yawa ba su san haka ba. CSS Profile dala 25 ne na farko, 16 kowane ƙari. Jarrabawar SAT, wadda jami'o'i da yawa suka ajiye lokacin korona, ta dawo: MIT ta maido da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Harvard suka bi a 2024. Darussan shirinta kyauta ne a Khan Academy, amma data ba kyauta ba ce, zaman jarrabawar kuma sai manyan birane irin Abuja, a bi ta Tegina da Zungeru da Minna da Suleja. Wanda ya san abin da ya faru da ɗaliban Kagara da na Islamiyyar Tegina a 2021 ya san cewa uwa ba ta sakin ɗanta a hanyar nan da kwanciyar rai. Idan an dace, sai dala 350 na rajistar SEVIS, da 185 na neman biza, wanda ba a mayarwa ko an hana ka. Sannan kuɗin jirgi. Cibiyar EducationUSA da ke ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas tana da shirin Opportunity Funds da ke ɗaukar irin waɗannan kuɗaɗe ga hazikai marasa hali, sai dai gurabensa kaɗan ne, kuma dokokin bizar Amurka ga 'yan Nijeriya sun ƙara tsanani tun 2025. Duk mai niyyar can ya bincika halin da ake ciki kafin ya kashe ko kwabo.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kashe manyan buri. Yaro Muhammadu ne a takardar firamare, Mohammed a WAEC, Muhammad a katin NIN, ranar haihuwa kuma ta takardar rantsuwar kotu daban da ta makaranta. A wurinmu duk ɗaya ne, a wurin kwamfutar ofishin jakadanci mutum uku ne. Wasiƙar shaida ta malamai ita ma haka: layi uku ake rubutawa, yaro ne mai ladabi da biyayya, a buga hatimi. Masu karantawa a can so suke su ji abin da yaron ya taɓa yi wanda ya sa malaminsa bai manta shi ba. Mu malamai wannan aikinmu ne, kuma ba ya cin kuɗi.

Amurka ba ita kaɗai ce duniya ba. Shirin tallafin Gidauniyar Mastercard, wanda ya fara a 2012, an gina shi ne musamman don matasan Afirka masu ƙwazo marasa hali, yana ba 'yan mata muhimmanci, kuma yana biyan komai a jami'o'in da yake hulɗa da su, ciki har da Ashesi da KNUST a Ghana da Makerere a Uganda. Iyaye da yawa a nan sun fi sakin jiki da Kumasi, inda akwai Zango da 'yan uwa Hausawa, a kan wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Tallafin gwamnatin Turkiyya yana ɗaukar kuɗin karatu da masauki da jirgi da alawus na wata, da shekara guda ta koyon harshensu, sharaɗin digirin farko shi ne kada a kai shekara 21. Ga masu karatun addini da Larabci, Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar sun daɗe suna ɗaukar 'ya'yan talakawanmu. Tallafin musayar ɗalibai na gwamnatin tarayya da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hungary kuwa, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shi a 2025, bayan ɗaliban da ke can sun sha kukan jinkirin alawus. Waɗanda aka kwaso daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 su ma sun koya mana cewa a lissafin araha sai an sa zaman lafiyar ƙasar.

Ni dai Minna na tafi, Jami'ar Fasaha ta Tarayya, kuma masarar gonar hanyar Rijau ce ta biya mini har na gama. Bayan bautar ƙasa da 'yan shekarun koyarwa na samu cikakken tallafin digiri na biyu a Ingila, na yi shekara guda na dawo. A matakin nan ƙofofin sun fi yawa kuma sun fi faɗi: Chevening ga wanda ya yi aikin shekara biyu, Commonwealth, DAAD ta Jamus, Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, PTDF ta nan gida ga fannonin da suka shafi mai da iskar gas. Duk suna kallon sakamakon digirin farko ne, ba su damu da cewa a Minna ko Lapai ko Sakkwato aka yi shi ba. Tun 2024 ma akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, mara kuɗin ruwa. Wannan hanyar ta fara digiri a gida ita nake nuna wa mafi yawan ɗalibaina, kuma nakan sa kowa ya yi JAMB ko da yana neman waje. Duk da haka ba zan ɓoye ba, wani lokaci nakan tambayi kaina me zai faru da a 2013 wani ya zaunar da ni ya ce, ga jami'o'in da ke biyan duka, gwada su. Wataƙila da ba su ɗauke ni ba. Amma ban ko ƙwanƙwasa ba, don ban san akwai ƙofar ba.

Kontagora ba ta rasa masu hali ba, kuma suna taimako: suna gina masallatai, suna biya wa mutane kujerar Makka, wasu sukan ɗauki nauyin yaro ɗaya zuwa waje da miliyoyi. Roƙona gare su da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai shi ne su duba kuɗin bakin ƙofar nan. Abin da ake kashe wa yaro ɗaya a shekara a jami'ar ragi zai yi wa yara da dama fasfo, ya biya musu jarrabawa da kuɗin mota da data, su nemi wuraren da wasu ne za su biya sauran. Aikin kuma daga aji biyar na sakandare yake farawa, a daidaita suna da ranar haihuwa, a tattara sakamakon kowane zango. Manyan jami'o'in Amurka suna rufe karɓar fom na wuri a farkon Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu. Na Turkiyya yakan buɗe a Janairu ya rufe a Fabrairu. Yaron da ya jira sai sakamakon WAEC ya fito kafin a fara nema masa kuɗin fasfo, watanni ƙalilan suka rage masa ya haɗa duk wannan, in ba haka ba sai baɗi.